Yoyon Baƙin Mai: Ɗigon Da Ke Kashe Tsofaffin Motoci A Gaya Da Ajingi

Duk wanda ya saba zuwa tashar mota a garin Gaya ko a Ajingi da sassafe, bayan motocin farko sun yi lodi sun tashi, zai ga tabo baƙi-baƙi a ƙasa daidai inda motocin suka kwana. Wani tabon bai fi faɗin kwabo ba, wani kuwa ya kai girman faifai. Fasinjoji kan taka shi su wuce, direbobi da yawa kuma sun ɗauke shi tamkar furfura a kan dattijo, watau abin da tsufa ke kawowa wanda ba shi da magani. Amma ga bakaniken da ya san aikinsa, wannan tabo shaida ce cewa injin yana zubar da baƙin mai, kuma idan ba a tare shi ba, ranar da injin zai buga tana nan tafe.

Maganar ta shafi kowa a wannan yanki na gabashin Jihar Kano, domin kuwa tsofaffin motocin nan su ne ke ɗaukar gero da dawa da gyaɗa da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwa, su ne ke kai masu awaki da tumaki kasuwar Wudil ranar Juma'a, kuma su ne ake bugawa ƙofar masu su da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace gardama ana neman kai ta asibiti a Gaya. Motar da injinta ya buga takan shafe makonni a gindin bishiya kafin mai ita ya haɗa kuɗin gyara, wata ma daga nan ba ta sake tashi ba. A tsawon wannan lokaci direba da yaron mota ba su da abin kai wa gida, mai mota kuma ba ya ganin balas.

Motocin Da Hanyoyinsu

Akasarin motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil da Gaya da Ajingi sun daɗe da wuce ƙuruciya. Kamfanin Volkswagen ya ƙera Golf 3 ne daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, saboda haka ko wadda ta fi yarinta a cikinsu ta haura shekara 25. Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna daga 1975 zuwa tsakiyar shekarun 2000, har yanzu akan ci karo da ita jefi-jefi, musamman a-kori-kura. Ga kuma bas ɗin J5 da Hiace da sauran motocin da aka shigo da su bayan sun gama yi wa masu su na farko aiki a Turai.

Motocin ba a ƙera su da wannan yanki a zuci ba. A watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke shiga ko'ina. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta nufi Dutse kwalta ce, amma da zarar mota ta sauka ta nufi ƙauyuka sai burji da rairayi da kwazazzabai, da damina kuma taɓo. A kan haka ake ɗora mata lodin da ya zarce ƙa'ida. Zafi kan busar da robobin da ke tare mai har su tsattsage, ƙura kan goge su kamar sanfefa, duwatsun hanya kuma su riƙa dukan cikin motar. Ba abin mamaki ba ne idan aka ce da wuya a ɗaga bonat goma ba a sami wanda mai ya jiƙa ba.

Aikin Mai A Cikin Inji

Kafin a fahimci haɗarin yoyo, sai an san abin da baƙin mai ke yi. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su gogar juna, yana kwashe zafi daga fistin da metal, yana wanke ƙuna da ɓurɓushin ƙarfe ya kai su filta, yana kuma taimaka wa rin wajen toshe silinda. Wani famfo ne ke zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji, wanda kanikawa ke kira botom-filet, ya tura shi da ƙarfi ta cikin ƙananan hanyoyi zuwa kowane lungu. Kuransha tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya a kan wani siririn shafen mai wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Idan wannan shafen ya yanke na ɗan lokaci kaɗan, metal ya narke, sai a ji ƙara daga ƙasan inji, abin da ake cewa inji ya buga ke nan.

Injin ƙaramar mota irin Golf ko 504 yana ɗaukar mai kimanin lita 4, kuma tsakanin zanen sama da zanen ƙasa na geji akwai kusan lita 1. Lissafi mai sauƙi zai nuna yadda ɗigo ke cinye wannan. A ƙiyasi, ɗigo 20 ke yin mililita 1. Idan inji yana ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa 10, kuma motar tana aiki awa 8 a yini, an zubar da ɗigo 2,880, watau mililita 144. A mako guda an kai lita 1, a mako huɗu kuwa an zubar da kwatankwacin duk man da ke cikin injin. Da yayyafi kogi kan cika.

Direbobi da dama suna dogara da jar fitilar mai da ke gabansu, suna cewa muddin ba ta kama ba lafiya lau. Wannan kuskure ne mai tsada. Fitilar ba ta auna yawan man da ya rage; ƙarfin turawar famfo take aunawa, kuma a yawancin tsofaffin motoci ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa warwas. Sau da yawa lokacin da ta kama a kan hanya, ɓarna ta riga ta fara. Mafi muni shi ne motar da aka cire wa wayar fitilar don ta daina damun direba.

A Fara Da Sanin Irin Man

Bakanike mai hankali ba ya ɗaukar sufana sai ya amsa tambaya biyu. Ta farko ita ce: shin man zuba yake yi ko ƙonewa? Inji yana iya shanye mai ba tare da ɗigo ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Idan salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, musamman lokacin da aka taka totur ko aka tayar da mota da safe, kuma fulogi yana fitowa da maiƙo, to man yana shiga silinda ne yana ƙonewa, ko dai saboda rin ya cinye ko kuma robobin bawul sun bushe. Idan kuma aka buɗe murfin zuba mai aka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ko aka ga maiƙo yana yawo a ruwan lagireto, ruwa da mai sun haɗu, kuma galibi gasket ɗin tof ne ya ƙone. Waɗannan cututtuka ne daban, maganinsu ma daban.

Tambaya ta biyu ita ce: wane mai ne ke ɗiga? Ba duk abin da ya ɗigo daga ƙarƙashin mota ne baƙin mai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar da dare, a sa alamar inda tayoyin gaba suke, da safe a duba. Baƙin mai baƙi ne ko ruwan ƙasa, yana da santsi. Man giya ya fi kauri, yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta. Man sitiyari ja ne ko kore, kuma tsinkakke ne. Man birki fari ne mai ɗan rawaya, yana cin fenti, kuma wanda ya ga shi yana ɗiga kada ya hau titi sai an gyara, domin wannan maganar rai ce. Wurin da ɗigon ya sauka a kan kwalin kuma yana nuna ɓangaren da za a fara bincike.

Wanka Kafin Bincike

Injin da ya shekara yana yoyo a hanyar burji yakan lulluɓe da wani baƙin taɓo na mai da ƙura, ta yadda ko'ina aka duba a jiƙe yake. A irin wannan hali ba mai iya nuna inda yoyon ya fito, sai dai ya yi canke. Saboda haka matakin farko shi ne a wanke injin tas da kananzir ko sabulun gari da burushi, bayan ya huce, a rufe disfuta da altaneta da leda don kada ruwa ya shiga. Wanke inji da fetur, kamar yadda wasu ke yi, wasa da wuta ne, domin tartsatsi ɗaya daga waya ya isa.

Idan ya bushe, sai a cika mai daidai geji, a tayar da motar ta yi zafi na minti 10 zuwa 15, sa'an nan a duba da tocila. Wasu kanikawan kan barbaɗa hoda a wuraren da suke zargi, sabon mai kuwa zai zana baƙin layi a cikin farar hodar tun daga tushensa. Akwai yoyon da ba ya bayyana sai mota tana gudu, shi kuma sai an ɗan zagaya da ita an dawo. A manyan garejin birni akwai wani rini da ake zubawa a cikin mai wanda ke ƙyalli idan an haska shi da wata fitila ta musamman, amma hoda da tocila da haƙuri suna yin kusan aiki ɗaya.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce a fara daga sama a gangaro. Mai ba ya hawa tudu. Ƙasa yake bi, iskar tafiya kuma ta kwashe shi baya. Saboda haka inda ɗigo ya faɗo sau da yawa ba nan ne tushensa ba. An sha sauke giya-bokis, aikin yini guda, a kan zargin robar bayan kuransha, daga baya a gane cewa man daga murfin sama yake gangarowa ta bayan inji. Wurin da ya fi kowane tsawo a cikin wuraren da sabon mai ya jiƙa, shi ne abin zargi na farko.

Ƙofofin Da Mai Ke Bi

Murfin saman inji, wanda ake kira tof-kaba, shi ne kan gaba. Gasket ɗinsa na roba ne ko na totuwar itace, kuma zafi kan ƙandarar da shi. Alamarsa ita ce mai a gefen tof, da ƙaurin ƙuna idan ya ɗiga a kan bututun hayaƙi. Bututun nan yana yin zafi na ɗaruruwan digiri, mai kuwa yana iya kamawa da wuta idan ya haura digiri 200, don haka wannan yoyo na iya zama sanadin gobara. Gyaransa ba wuya, kuɗinsa kuma kaɗan ne, sai dai a nan ne ake yawan yin ɓarna. Notocin murfin ɗauri kaɗan suke so, kamar sulusin ɗaurin da ake yi wa notin juye, a kuma riƙa ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. Yaron gareji da ya danne su da dukkan ƙarfinsa zai lanƙwasa murfin, ya matse gasket ɗin har ya tsage, yoyon ya dawo fiye da da.

Na biyu shi ne ɗan makunnin fitilar mai, watau oyil-suwic. Ƙaramin abu ne, amma yana zaune ne a kan hanyar da mai ke bi da ƙarfi, saboda haka idan robar cikinsa ta fashe yana iya tsiyayar da mai da yawa cikin ɗan lokaci. Idan aka zare wayarsa aka ga mai a bakinta, ya mutu, sauya shi ake yi. Na uku filta ce. Wani lokaci ba a ɗaure ta da kyau ba, wani lokaci kuma robar tsohuwar filta ce ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai. Ƙa'ida ita ce a goge mazaunin, a shafa wa sabuwar robar ɗan mai, a ɗaure da hannu. A wasu motocin Golf akwai wani ɗan akwati mai sanyaya mai tsakanin filta da inji, shi ma yana da zoben roba da kan bushe ya riƙa zuba.

Daga nan sai robobin da ke zagaye da ƙarafa masu juyawa, waɗanda ake kira oyil-sil. Akwai na gaban kuransha da na kamsha, kuma a mota irin Golf suna bayan murfin taimin-bel ne. Idan suka fara zuba, man yana jiƙa bel ɗin, mai kuwa yana ruɓar da roba. Bel ɗin da ya jiƙe yana iya tsallake haƙori ko ya tsinke, kuma a injina da yawa hakan na sa fistin ya doki bawul. Saboda haka duk wanda ya sauya waɗannan robobi ya kamata ya sauya bel ɗin a lokaci guda. Injin 504 na fetur sarƙa yake amfani da ita a maimakon bel, amma shi ma murfin gabansa yana da gasket da oyil-sil da kan gaji.

A ƙasa akwai botom-filet, wanda hanyoyin ƙauye suka fi cutarwa. Dutse ko kututture na iya lotsa shi ko ya tsaga shi, gasket ɗinsa kuma yana iya saki. Idan walda za a yi masa, tilas ne a kwance shi a wanke tukuna, domin yi masa walda a jikin mota da ragowar mai da tururin fetur a ciki ganganci ne. Notin juye ma yana da ƙaramar washa ta jan ƙarfe ko ta alminiyam wadda ya kamata a sauya duk lokacin juye. Yawancin masu mota ba su san da ita ba, sai a yi ta ɗaure notin da ƙarfi har zaren kaskon ya cinye, a koma naɗa masa zare ko leda.

Na ƙarshe, kuma mafi tsada, shi ne oyil-sil na bayan kuransha, tsakanin inji da giya-bokis. Ita kanta robar ba ta da tsada, amma ba a kaiwa gare ta sai an sauke giya-bokis da kuloci. Alamarta ita ce baƙin mai yana ɗigowa daga mahaɗar inji da giya-bokis alhali sama a bushe take, wani lokaci kuma kuloci ya fara zamewa ko karkarwa saboda mai ya jiƙa farantinsa. Tun da an riga an buɗe wurin, hikima ita ce a duba farantin kuloci da robar gaban giya-bokis, don kada a biya kuɗin aiki sau biyu. A kuma shafa wuyan ƙarfen da robar ke zama a kai: idan tsohuwar roba ta yi masa zane mai zurfi, sabuwa ba za ta daɗe ba sai an ɗan gusar da mazauninta ko an gyara wuyan.

Numfashin Inji

Akwai motar da za a sauya mata robobi kaf, bayan mako biyu ta dawo tana zuba ta wani wurin. A nan laifin ba na robobin ba ne. Kowane inji yana da ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen rin ya gangara cikin kaskon mai, kuma an yi masa bututun numfashi da ke mayar da shi cikin inji ya ƙone. Idan daskararren mai da ƙura suka toshe bututun, ko kuma wani ya toshe shi da gangan da fulogi ko tsumma saboda ya ga yana tofar da mai, iskar ba ta da mafita, sai ta tura man ta duk inda ta sami rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwajin ba shi da wahala. A bar inji yana aiki a tsaye, a buɗe murfin zuba mai. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne. Amma idan hayaƙi yana bulbulowa, ko geji yana tunkuɗowa sama da kansa, to ko dai bututun ya toshe, ko kuma rin ya cinye ƙwarai. Na farko wanki kawai yake so. Na biyu kuwa yana nufin injin ya kai lokacin sauya rin, kuma duk kuɗin da aka kashe a kan oyil-sil kafin a yi hakan asara ce. Cika mai fiye da zanen sama na geji shi ma yana haifar da irin wannan matsala, domin kuransha takan riƙa dukan man har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta kare metal.

Gyaran Ganin Ido

Talauci da gaggawa sun haifar da dabaru da yawa a bakin hanya. Mafi yaɗuwa ita ce lafta gam a maimakon gasket. Gam yana da wurinsa, musamman a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu, amma siriri ake sawa a kan wuri mai tsabta. Idan aka lafta shi, abin da ya tsattsafo waje ana gani, wanda ya tsattsafo ciki kuwa yakan ɓalle ya faɗa cikin kasko, ya toshe rariyar famfon mai. Ta haka gyaran da aka yi don ceton inji ke zama ajalinsa.

Wata dabarar ita ce zuba mai mai kauri ƙwarai, har wasu kan haɗa da man giya, don ɗigon ya ragu. Lalle yakan ragu, amma mai kauri ba ya saurin kaiwa saman inji da sanyin safiya, kuma man giya yana ɗauke da sinadaran da ba a yi su don cikin inji ba. Tsofaffin injina irin na 504 sun saba da mai mai lamba 20W-50 a wannan yanayi na zafi, sababbi kuma suna son wanda ya fi tsinkewa. Abin da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta shi ne abin bi. Akwai kuma ruwan gwangwani da ake cewa yana tsayar da yoyo. Abin da yake yi shi ne ya ɗan kumbura robar da ta bushe, ba ya ɗinke wadda ta tsage, kuma ba ya toshe fasasshen kasko.

Sai maganar kayan gyara. Garin Gaya yana da nisan kilomita 60 da ɗoriya daga Kano, Ajingi ma tafiya ce, saboda haka idan ba a sami abin da ake nema a shagunan gida ko a Wudil ba, sai an aika kasuwar Ƙofar Ruwa a birni. Wanda zai yi wannan tafiya ya tafi da tsohuwar robar a hannunsa, domin lambobin da ke jikinta suna nuna faɗin ciki da na waje da kauri, wasu kuma suna da kibiya mai nuna inda ƙarfen ke juyawa. Kaya iri-iri ne a kasuwa, akwai mai kyau akwai na jabu, kuma bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ladan sauke giya-bokis karo na biyu. Araha ba ta ado.

Tsadar Mai Da Tsohon Mai

A da, direba kan ajiye galan a bayan mota ya riƙa ciko kowace safiya, yana ganin hakan ya fi gyara sauƙi. Wannan lissafi ya rushe. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta ne da sashen yin tushen man inji, amma ta shafe shekaru da yawa ba ta aiki yadda ya kamata, saboda haka kamfanonin da ke haɗa man inji a ƙasar nan sun dogara da tushen da ake sayowa daga waje da kuɗin waje. Tun bayan da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin mai da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Motar da ke zubar da lita 1 a mako tana cinye galan guda a wata, ban da na juye.

Tsadar ta kuma tura mutane da yawa ga man awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. Wani tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa, wani kuma tushen mai ne zalla ba tare da sinadaran da ke wanke inji da kare shi ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, ta sha yin gargaɗi a kan jabun man inji. Irin wannan mai yana saurin daskarewa ya zama kamar kwalta a cikin inji, ya toshe bututun numfashi, yoyon ya ƙaru, a sake sayen wani a zuba. Ciko kuma ba ya maye gurbin juye, domin dattin yana nan a ciki, filta ma tana nan da shi.

Man da ya zuba a ƙasa ba ya ɓacewa. Ruwan sama kan kwashe shi zuwa kududdufai da fadamu inda dabbobi ke sha ake kuma noman rani, ko ya nutse kusa da rijiyoyi. Masana tsabtar muhalli sun ƙiyasta cewa lita 1 ta tsohon mai na iya gurɓata ruwa har lita miliyan 1. Yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ƙunar fetur, kuma daɗewar sa a jikin fata yana da illa, abin da ya kamata iyayen gidan gareji su koya wa yaran da ke wuni hannu dumu-dumu a cikinsa. Shafa shi a gyambon dabba, kamar yadda wasu ke yi, cutarwa ce. Ya kamata kowane gareji ya tanadi duro mai murfi da za a riƙa tara shi.

Abin Da Ya Rage Ga Masu Mota

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dala don neman tama, zuriyarsu kuma su ake kira Abagayawa. Sanin ƙarfe tsohon gado ne a wannan ƙasa, kuma kanikawan da ke riƙe da motoci masu shekara 30 a kan hanya da kayan aiki ƙalilan sun cancanci yabo. Abin da ya fi cutar da aikinsu shi ne mai motar da ke tsaye a kansu yana cewa a lallaɓa kawai, lodi na jiransa. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa ta NATA suna iya taka rawa a nan, ta hanyar wayar da kan mambobinsu da kuma koya wa yaran gareji ɗauri da awo.

Shi kuwa direba, abin da ake nema gare shi bai wuce minti biyar ba kowace safiya: ya ajiye mota a wuri mai daidai, ya zaro geji kafin ya tayar da inji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba, sa'an nan ya leƙa ƙarƙashin motar. Idan ya kai ta gareji, ya nemi a wanke injin a nuna masa inda man ke fitowa da idonsa kafin a yi ciniki, ya tambaya ko an duba bututun numfashi, ya kuma karɓi tsohon kayan da aka cire. Idan jar fitila ta kama yana tafe, ya ratse ya kashe injin nan take, ko da gari ya rage kilomita ɗaya. Kuɗin janwe da na gasket ana iya samunsu a cikin aikin kwana biyu ko uku, na sabon inji kuwa sai an sayar da sa ko an jinginar da gona.